Keken Shugaba Kuwang

Wasiƙar ta same ni a Kakuri ranar Talata,
gindin mangwaro, bayan masaƙar da ta mutu.
’Yarsa ce ta rubuto. Layi huɗu.
Wai tsohon ya cika da asuba, ya haura casa’in,
tabarau a karan hanci, jan biro a hannu.

Na naɗe takardar. Na sake buɗewa.
Ba abin da ya canja.

Mu bakwai aka tura ƙasar Sin
mu koyo sirrin zare da injin saƙa.
Daren farko sanyi ya ci mini kunne.
Da safe na ga wani mai furfura a ƙofar makaranta,
ya durƙusa yana mayar da sarƙar keke,
hannu duk baƙin mai.
Na ɗauka masinja ne, na miƙa masa jakata.
Ya karɓa. Ya kai ta har hawa na uku.
Sai da aji ya miƙe tsaye
na san shugaban jami’a na aika.

Ya kira sunana gaɓa-gaɓa, Ta-ni-mu,
kamar mai ƙirga kwabbai kada ɗaya ya faɗi.

Labarinsa a bakin wasu muka tsinta.
Ɗan mai fito ne.
A jikin buhunan gishirin da ubansa ke ƙetararwa
ya fara gane baƙi.
Da zamani ya juya, karatu ya zama laifi,
aka kai shi ƙauye kwasar taki, shekara takwas.
Da dare ya kan zana lissafi a ƙasa da tsinke,
’ya’yan manoma sun kewaye fitila,
kafin zakara ya yi cara ya share da ƙafa.

Da aka buɗe ƙofofi ya tarar da kantoci wayam,
gizo-gizo ne kaɗai ke ɗakin karatu.
Ya ari amalanke, ya bi gida-gida:
wa ya ɓoye littafi a rufin ɗaki?
Wa ya binne a tukunya?
Motar ofis ya sayar, aka sa gilashi a tagogi.

Ba zan ce waliyyi ba ne.
Yana da kafiya irin ta jakin da ya ga rafi.
Ya kori ɗan wani babba kan satar amsa,
kujerarsa ta yi rawa shekara biyu, bai ba da haƙuri ba.
Bikin ’yar tasa ma a makare ya je.
Ni kuwa sau biyu ya kayar da ni a jarrabawa,
na yi wata guda ba na gaishe shi.
Ranar da na ci, ya ba ni lemo ɗaya daga aljihu,
ya ce in zare ya tsinke kada ka zagi inji,
nemi bakinsa ka ƙulla.

Na dawo Kaduna na ƙulla na shekara ashirin,
har jiniya ta daina kiran ma’aikata,
ciyawa ta fito tsakanin injuna,
wanda muke ce wa Oga ya koma acaɓa.
Wannan zaren ban samo bakinsa ba, Malam.
Na nema.

Ban san yadda ake ta’aziyya a can ba.
Na sayi ƙosai wajen Lantana na raba wa yara,
na taka har gada na tsaya.
Kogi ya yi ja da ruwan Agusta,
wani mai kwale-kwale na fama da igiya,
ɗansa a baya yana kwarfe ruwa da gwangwani.

La’asar ta yi. Na koma garejin da nake koyarwa,
benci uku, allo mai tsagu.
Saratu ’yar mai gadi ta riga kowa zuwa,
ta sake kuskure a wuri ɗaya, karo na huɗu.
Na buɗe baki zan yi faɗa.
Sai na laluba aljihu,
ko da sauran lemo.